Mota Mai Aibi da Mai Raba Gardama: Tarihin Ombudusman a Cinikin Motoci

A ƙarshen shekarar 1984 wani mutumin Ingila mai suna Bernstein ya sayi sabuwar mota ƙirar Nissan Laurel a wajen wani kamfanin dillancin motoci na birnin Landan, a kan kuɗi kusan fam 8,000. Bayan kamar mako uku, motar ta yi tafiyar kimanin mil 140 kacal, sai injinta ya buga a tsakiyar babbar hanya. Da aka kwance injin sai aka tarar wani ɗan gudan gam ne da aka bari a ciki tun daga masana'anta ya toshe hanyar mai. An gyara motar kyauta bisa garanti, amma Bernstein ya ce shi kuɗinsa yake so, domin hankalinsa ba zai ƙara kwanciya da ita ba. Magana ta kai Babbar Kotu, ba a kuwa yanke hukunci ba sai a 1986. Mai Shari'a Rougier ya yarda cewa mota mai aibi aka sayar masa, sa'an nan ya ce mako ukun nan ya isa a ɗauka mai saye ya karɓi kayansa, saboda haka hakkin mayarwa ya faɗi. Abin da ya tashi da shi diyya ce 'yar kaɗan: kuɗin komawa gida a ranar, da man da ya yi asara, da ɓacin ran da aka jawo masa, da kwanakin da ya zauna ba mota.

Wannan shari'a ta ƙunshi matsalar gaba ɗaya. Mutum yana da gaskiya, doka ta amsa yana da ita, amma hanyar karɓo ta ta fi ta tsada. Tarihin ombudusman a cinikin motoci tarihi ne na neman wata hanya mai araha wadda ba ta bi ta zauren kotu ba, da kuma gardamar da ta biyo baya, wadda har yau ba ta mutu ba: wa zai biya mai raba gardamar, kuma wa hukuncinsa zai hau kansa?

Asalin garanti

Mayar da kaya saboda aibi ba sabon abu ba ne. A fiƙihun Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a bayyana masa ba yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar. Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Sir Mackenzie Chalmers ya tsara, ita ma ta ɗora wa ɗan kasuwa sharaɗin cewa kayansa su zama masu sayuwa, ko da ba a faɗi haka ba a wajen ciniki. Sai dai waɗannan ƙa'idodi an gina su ne a zamanin da mai saye zai iya duba haƙoran doki, ya ɗaga kofatonsa, ya hau ya zagaya da shi. Mota kuwa dubban sassa ne a rufe cikin ƙarfe. Wanda ya ƙera ta ya san abin da ke ciki, wanda ya sayar ya san kaɗan, wanda ya saya bai san kome ba sai launi da ƙamshin kujeru.

Bugu da ƙari, mota ta raba mai ƙira da mai saye, ta sa dillali a tsakani. Tun daga shari'ar Winterbottom da Wright a 1842, wadda ta shafi wani direban keken doki na gidan waya da ya ji rauni, kotunan Ingila da na Amurka suka riƙe cewa wanda ba ka ƙulla ciniki da shi ba, ba ka da bakin kai shi ƙara a kan lalacewar kayansa. Mota ce ta fasa wannan katanga. A 1916 kotun ɗaukaka ƙara ta Jihar New York, ta bakin Mai Shari'a Benjamin Cardozo, ta ɗora wa kamfanin Buick alhakin raunin da Donald MacPherson ya ji sa'ad da ƙafar motarsa, wadda aka yi da katako, ta ragargaje yana cikin tafiya, ko da yake a wajen dillali ya saya, kuma wani kamfani ne dabam ya yi ƙafar.

Masu ƙera motoci ba su zauna ba. Makaminsu shi ne takardar garanti da kanta. Mai saye yana ganin an ba shi kyauta, alhali a cikin ƙananan baƙaƙen da ke bayan takardar an rubuta cewa wannan garanti ya maye gurbin duk wani hakki da doka ta ba shi. Babu misalin da ya fi na Claus Henningsen, wanda ya saya wa matarsa Helen sabuwar Plymouth a 1955. Kwana goma da karɓar motar, tana da mil 468 kacal, sitiyari ya ƙwace a hannunta ta daki bango. Garantin da ke hannunsu na kwana 90 ne ko mil 4,000, kuma iyakar abin da ya yi alkawari shi ne musanya sashen da ya lalace, in an aika da shi masana'anta, in kuma masana'antar ta duba ta gamsu cewa laifinta ne. Watau wanda ake ƙara shi ne shaida, shi ne alƙali. A 1960 Kotun Ƙoli ta Jihar New Jersey ta soke wannan sharaɗi, ta lura cewa takarda guda ce duk manyan kamfanonin ke amfani da ita, kuma uku daga cikinsu ke da fiye da kashi 90 cikin ɗari na motocin da ake ƙerawa, saboda haka mai saye ba shi da inda zai je ya nemi wadda ta fi.

A Ingila sai a 1973 Majalisa ta hana ɗan kasuwa ya soke hakkin mai saye da irin wannan takarda. Daga nan garanti ya koma ƙari a kan doka, ya daina zama madadinta. To, amma shekara goma sha ɗaya bayan wannan gyara ne Bernstein ya sayi motarsa.

Daga fadar Suwidin zuwa kasuwa

Kalmar ombudusman ta mutanen Suwidin ce, ma'anarta wakili. A 1713 Sarki Charles na 12, wanda yake zaman gudun hijira a Daular Usmaniyya bayan Rasha ta ci shi da yaƙi a Poltava a 1709, ya naɗa wani babban wakili da zai sa ido a kan alƙalai da ma'aikata a bayan idonsa. Wasu marubuta na ganin ya kwaikwayi abin da ya gani ne a wajen Turkawa na sauraron ƙarar talakawa a kan masu mulki, wasu kuwa ba su yarda da haka ba. Tsarin mulkin 1809 shi ya ba Majalisa nata wakilin, wanda ba ya ƙarƙashin sarki, kuma kowane talaka na iya rubuta masa kuka ba tare da biyan ko kwabo ba. An daɗe ba wanda ya kwaikwaya sai Finland a 1919. Denmak ta bi a 1955, New Zealand a 1962, Birtaniya a 1967.

Duk waɗannan aikinsu tsakanin talaka ne da hukuma. Mutanen Suwidin ne kuma suka fara juya tunanin zuwa kasuwa. A 1968 suka kafa hukumar sauraron koke-koken masu saye, a 1971 suka naɗa ombudusman na masu saye. Hukumar tana da sashe na musamman na motoci, alƙali ke shugabantar zama, wakilan masu saye da na 'yan kasuwa suna zaune daidai wa daida. Abin mamaki, hukuncinta shawara ce kawai. Abin da ke sa a bi shi kunya ce, domin mujallar masu saye ta ƙasar takan buga sunayen kamfanonin da suka ƙi bi. A ƙasa ƙarama inda kowa ke karanta jarida wannan bulala ce mai zafi. Ba kowace ƙasa ce za ta iya dogara da ita ba.

Ingila ta ɗauki wani salo. A 1981 wasu manyan kamfanonin inshora suka haɗa kuɗi suka kafa nasu ombudusman, ba da umurnin kowace doka ba. Tsarin da suka shimfiɗa shi ne ya zama abin koyi: mai ƙara ba ya biyan kome, hukunci yana hawa kan kamfani har zuwa fam 100,000, amma ba ya hawa kan mai ƙara, in bai gamsu ba ƙofar kotu a buɗe take. Bankuna suka bi sahu a 1986. Ba tausayi ne ya motsa su ba. Sun hango cewa in ba su gyara da kansu ba gwamnati za ta gyara musu, kuma hannun gwamnati ya fi nauyi. A ƙarshe hakan ya faru, domin dokar 2000 ta haɗe waɗannan ofisoshi ta mai da su ombudusman guda na harkokin kuɗi, wanda ya fara aiki a 2001, shiga ƙarƙashinsa kuma dole ne.

Masu motoci sun fi kowa jan ƙafa. Tun 1976 ƙungiyoyin masu ƙira da na dillalai suka fitar da ƙa'idar aiki tare da ofishin kula da adalcin ciniki, wadda ta tanadi sulhu da sasantawa, amma ƙungiyoyin ne da kansu ke sauraron ƙarar da aka kawo a kan 'ya'yansu. Kura ce aka ba ajiyar nama, ko da ta rantse.

Hanyar Amurka

Amurkawa na kiran sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa lemun tsami, kuma masanin tattalin arziki George Akerlof ya ɗauki wannan suna a maƙalarsa ta 1970, inda ya nuna yadda jahilcin mai saye ke karya farashin mota mai kyau tare da marar kyau. Su ba su yi ombudusman ba. Dokar garanti ta tarayya ta 1975, wadda ake kira Magnuson-Moss, ta ƙarfafa wa kamfanoni su kafa zauren sasantawa, da sharaɗin a yanke magana cikin kwana 40 kuma hukuncin kada ya ɗaure mai saye. A 1982 Jihar Connecticut, bisa ƙudurin ɗan majalisa John Woodcock, ta yi abin da alƙalin Bernstein ya rasa: ta sa lamba. In an gwada gyaran aibi guda sau huɗu bai gyaru ba, ko mota ta kwana 30 a gareji, to a musanya ta ko a mayar da kuɗi. Shekara biyu bayan haka, da aka ga zaurukan kamfanoni ba su gamsar ba, jihar ta kafa nata. Sauran jihohi suka bi da irin tasu dokar.

Ƙofofi uku

A Ingila abubuwa biyu suka haɗu a 2015. Na farko dokar hakkin mai saye, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Bayan kwana 30 ɗan kasuwa yana da damar gyara sau ɗaya, in gyaran bai yi ba mai saye na iya mayarwa ko ya nemi ragi, sai dai a mota ana cire wani abu saboda amfanin da aka yi da ita. Aibin da ya bayyana cikin wata shida na farko kuwa, in ana maganar gyara ko mayarwa ta ƙarshe, ana ɗauka da shi aka sayar, sai dillali ya kawo hujjar akasin haka. Da Bernstein ya sayi motarsa a ƙarƙashin wannan doka, da wasiƙa guda ta ishe shi. Na biyu kuma ƙa'idojin da suka fito daga umurnin Tarayyar Turai na 2013, wanda ya bukaci kowace ƙasa ta tanadi amintattun wuraren raba gardama a wajen kotu.

A kan wannan ne, a watan Nuwamba na 2016, ofishin ƙa'idojin aiki da ƙungiyar masu ƙera motoci da dillalansu ta kafa a 2008 ya rikiɗa ya zama The Motor Ombudsman, watau ombudusman na motoci. Ya fara da ƙa'idoji huɗu: na sabuwar mota da garantinta, na saye da sayarwa, na gyara a gareji, da na ƙarin garanti da ake saya bayan na masana'anta ya ƙare. Mai kuka zai fara kai kukansa ga kamfanin, wanda ke da mako takwas ya ba da amsa. In ba a daidaita ba sai ya rubuta wa ofishin. Mai bincike ya tattara takardu daga ɓangarorin biyu, mai duba ƙara ya faɗi ra'ayinsa, wanda bai yarda ba ya nemi ombudusman ya yi hukuncin ƙarshe. In mai saye ya karɓi hukuncin ya hau kan kamfani. Ba lauya, ba kuɗin shigar da ƙara. Darajar wannan tana fitowa ne in aka tuna cewa sashen ƙananan ƙararraki na kotunan Ingila iyakarsa fam 10,000, kuma sabuwar mota ta wuce haka nesa ba kusa ba, wanda ya faɗi a babbar ƙara kuwa yakan biya har kuɗin lauyan abokin shari'arsa.

Ya kamata a tsaya a nan a lura da wani abu da yakan rikita har masu ilmi. Mai mota guda, da aibi guda, yana iya samun kansa gaban ƙofofi uku. Hakkinsa na doka yana kan dillalin da ya sayar masa. Garanti alkawari ne na masana'anta, ko na wani kamfani na uku, kuma iyakarsa abin da aka rubuta. In kuwa da bashi ya karɓi motar yana biya wata-wata, kamar yadda mafi yawan masu sayen sabuwar mota suke yi a Birtaniya, to a idon doka kamfanin bashin ne ya ba shi motar, saboda haka ƙararsa ta ombudusman na harkokin kuɗi ce. Wannan ƙofa ta uku ita ce mafi ƙarfi, domin doka ce ta kafa ta kuma ba kamfanin da zai ce bai shiga ba. Sakamakon haka wanda ya ci bashi ya fi wanda ya biya kuɗi hannu samun kariya, abin da ba wanda ya zauna ya tsara, tarihi ne kawai ya zo da shi.

Gardamar garanti kanta kusan kullum a wuri guda take tsayawa: aibin ƙira ne ko cin amfani? Kamfani zai ce kulocin ya cinye ne saboda ƙafar direba, ko an makara wajen juyen mai, ko an kai motar garejin da bai bi ƙa'ida ba. Mai mota zai ce haka ta zo. Ombudusman ba ya buɗe bonet, da takarda yake aiki, saboda haka littafin sabis da rasit da rahoton injiniya mai zaman kansa su ne shaidu, kuma sau da yawa mai motar ne zai biya kuɗin rahoton. Tsohuwar matsalar Henningsen, cewa ilmin yana hannun wanda ake ƙara, an rage ta ne kawai.

Akwai raunuka biyu da suka fi wannan girma. Kuɗin tafiyar da ofishin daga kamfanonin da suka yi rajista yake fitowa, kuma ko da hukunci ya yi adalci, wanda ya faɗi zai tuna da wannan. Magoya bayan tsarin na amsa cewa wata hukuma ta waje ce ke amincewa da ƙa'idojin tana bin diddiginsu, kuma in ba kamfanoni suka biya ba sai mai ƙara ko baitulmali. Amsa ce mai ma'ana. Rauni na biyu ba shi da irin wannan amsa: shiga ganin dama ce. Babban dillali mai tsoron sunansa yakan shiga. Mai sayar da tsofaffin motoci a bakin hanya, wanda a wajensa ne aka fi cutuwa, ba abin da zai kai shi. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta nemi ra'ayin jama'a a kan wajabta wannan hanya a cinikin motoci da aikin gyaran gidaje, amma dokar da ta biyo baya a 2024 ba ta wajabta ba.

Afirka ta Kudu da Nijeriya

Afirka ta Kudu ta yi abin da Birtaniya ta ja da baya a kansa. Ombudusman ɗinta na masana'antar motoci ya fara ne a 2000 a matsayin na sa-kai. Dokar kare masu saye ta 2008 ta ba mai saye wata shida ya zaɓi gyara ko musanya ko mayar da kuɗi, kuma daga 2015 ƙa'idar aikin masana'antar ta zama doka a kan duk mai harkar mota, da kuɗin da kowa zai riƙa biya don tafiyar da ofishin. Ƙarar da ba ta mutu a can ba tana iya wucewa zuwa hukumar masu saye ta ƙasa da kotunta ta musamman.

Nijeriya ta gaji dokar 1893 cikin dokokin Ingila da Turawa suka shigo da su. Ombudusman kuwa ya zo ne ta hanyar rahoton Udoji na 1974, wanda ma'aikata suka fi tunawa da shi saboda ƙarin albashi. Doka ta 31 ta 1975, a zamanin Janar Murtala Muhammad, ta kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, aka kuma naɗa Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabance ta. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara harhaɗa motoci, kuɗin Udoji da bashin mota na gwamnati suka sa ma'aikaci ya zama mai sabuwar mota da takardar garanti a aljihun gaba. Dokar ta ba hukumar ikon binciken kamfanoni masu rajista, ba ma'aikatun gwamnati kaɗai ba, sai dai iyakarta bincike da shawara. An kafa majalisar kare masu saye da dokar 1992, sa'an nan dokar 2018 ta maye gurbinta da hukumar tarayya ta gasa da kare masu saye, wadda ke da kotunta ta musamman, ta kuma rubuta hakkin mayar da kaya mai aibi a fili.

Amma kafin wannan doka ta iso kasuwar ta riga ta sauya. Mafi yawan motocin da ke shiga hannun jama'a yanzu tsofaffi ne daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, garantinsu ya ƙare tun a ƙasar da suka fito. Ciniki yakan ƙare da gwajin zagaye guda, da ra'ayin bakanike, da takardar yarjejeniya mai layi biyar. In giya ta ƙi shiga bayan mako guda, mai saye yakan fara da shugabannin ƙungiyar dillalai na wannan kasuwa, waɗanda ke raba gardama kyauta ko kusa da haka, kuma dillali yana jin maganarsu saboda a cikinsu yake cin abinci. In abin ya gagara sai ofishin 'yan sanda, ko kotun Shari'a, inda alƙali zai nemi masana su duba motar su faɗa masa ko aibin tsoho ne, ko kuwa a hannun mai saye ya auku.